Mma ta ɗaga ledar

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni kafinta ne a unguwar Anloga. Katako ya sale mini ƙauri. A asibiti aka yanko fatar cinyata aka ɗora a ciwon, aka manne da leda, aka jona injin da ke tsotse ruwa don fatar ta kama. Likita ya ce kada iska ta shiga har kwana biyar.

Ina barci Mma, mahaifiyata, ta zo dubiya, ta ɗaga ledar ta shafa mini ruwan tofi da ta kawo a kwalba. Fatar ta mutu. Yanzu ɗaya cinyar za a yanka. Ko haushi na kasa ji.

Mma ba ta san ita ta jawo ba, jibi ma za ta kawo wata kwalbar. Jama'a, da wane baki zan gaya mata?