Kabar Inna Hajo

Gaisuwa mai yawa ga mai gabatar da shiri. Ni ce Rifkatu, ungozoma a Shagari. Mu Kiristocin da aiki ya kawo nan ba mu da yawa.

Bana Lahadin Dabino, ranar tuna shigar Yesu Urushalima, ta zo mana babu ganyen dabinon da muke ɗagawa a majami'a. Motar da kan kawo shi ta maƙale a Boɗinga, taya ta gagara samuwa. Maƙwabciyata Inna Hajo, Musulma mai saƙar tabarma, ta gan ni cikin tagumi.

"Ɗiyata, mi yas same ki?"

Da na gaya mata, ta ɗauko damin kabarta. "Ku yi ibadarku, amma ki maido min, da ita nika ci."

Wani dattijonmu ya ce kaba ba dabino ba ce. Na ce to, Baba, ɗaga hannu wofi. Muka yi waƙa har murya ta dushe, na mayar da kaba.

Bayan mako guda, safiyar Ista, sai ga sabuwar tabarma da Inna Hajo ta saƙa da kabar nan, kyauta ga majami'armu. Mun karanta cewa rassa aka shimfiɗa wa Yesu a hanya. Mu kuwa ga namu a shimfiɗe, a kai muke durƙusawa.

Inna Hajo, na san rediyonki na kunne. Allah ya saka miki.