Hodar da Na Zazzaga wa Mama

Mai girma shugabar taro, likitoci da ma'aikatan jinya, malamaina, iyayenmu mata da suka cika kujerun gaba, da ƙawayena da ke can baya suna jiran murya ta sarƙe mini: assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni dama in yi magana a ranar buɗe sabon ɗakin hoton nono, ni da ko a aji sai malam ya ce in ɗaga murya.

Na farko, a gidanmu ba a zuwa wurin likita sai an yi wanka an yi kwalliya, kamar za a gaida surukai. Ranar da Mama za ta je hoton nono, ni na shirya ta. Ni ce ta ɗaya a darasin kimiyya, don haka ba ta yi mini musu ba. Na zazzaga mata hoda a ƙirji da hammata har sai da ta yi atishawa.

Na biyu, hoton ya fito da ɗige-ɗige farare. Aka ce irinsu kan zama alamar cutar kansa, kuma wataƙila sai an soka allura an ciro tsoka an gwada. Mama ta daina cin abinci. Ta fara koya mini yadda ake lallashin autanmu in yana kuka, ba ta kuma faɗi dalili ba.

Na uku, kafin allura, likitar da ke karanta hotuna ta ce a sake ɗauka, a ƙara girmansa. Tana ganin Mama sai ta tambaye ta me ke jikinta, domin ranar ma ban yi rowar hoda ba. Mama ta nuna ni, ta ce, "Tambayi likitar gidanmu, ga ta nan." Aka goge, aka ɗauka. Ko ɗigo ɗaya bai fito ba. Ashe hoda ce ta hau hoton.

Iyayena, ku je a duba ku, amma ku je ba hoda ba turare. Wadda aka tabbatar tana buƙatar allura ta daure, domin ita ke raba gardama. Likitocinmu, ku gargaɗe mu tun a bakin ƙofa, ku kuma sake dubawa kafin ku soka.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu karanta hoto kaifin ido, ya bar wa kowane auta uwarsa. Na gode.