Takardar Gida a Ledar Rogo

Auta: Salamu alaikum. Inna, ina wuni?

Inna: Wa alaikumus salam. Auta ce? Lafiya lau. Ya aiki, ya maigidan naki?

Auta: Alhamdu lillahi. Ya ƙafar taki?

Inna: Da sauƙi. Ke, kamar daga rijiya kike magana.

Auta: Ƙarar injin kamfani ce, bari in fita. Yanzu fa?

Inna: Yauwa. Dama jibi ne zamanmu a kotu da baffanku. Ya rantse gidan nan na kakanku ne, wai ba mahaifinku ya saya ba. Alƙali ya ce in kawo takardar saye.

Auta: Ai tana wurinki ko?

Inna: Tana inda ko aljani bai sani ba. Tun ranar da baffan naku ya zo ya birkice mini akwati na binne ta a gindin lemo.

Auta: Kika binne? Cikin me?

Inna: Ji ki! Ni yarinya ce? Leda uku na naɗe ta da su, masu kyan nan da kika kawo mini daga wurin aikinku.

Auta: Innalillahi! Fararen nan masu laushi?

Inna: Su fa. Mene ne?

Auta: Inna, ba roba ba ce. Da sitacin rogo muke yinsu.

Inna: Rogon ci?

Auta: Shi. Da gangan ake yi don su ruɓe, kada su toshe kwata, kada akuya ta ci ta mutu. Wata uku a ƙasa mai damshi sun zama taki.

Inna: Leda ta ruɓe? Ni da nake tono wadda aka yar tun kina goye!

Auta: Ai na gaya miki ranar, kika ce surutun boko ne. Yaushe kika binne?

Inna: Kafin ruwan farko.

Auta: Wata biyar ke nan! Ga shi kullum kina zuba wa lemon nan ruwan wanke-wanke. Ɗauko fartanya, Inna, kada ki kashe wayar.

Inna: Wayyo Allah! In babu takardar nan ina zan kwana da tsufana?

Auta: Tona a hankali. In kin kusa, ki sa hannu. Halo? Inna?

Inna: Ina jinki. Ga dutsen da na ɗora... Yauwa, ga igiyar da na ɗaure ledar da ita!

Auta: Alhamdu lillahi! Jawo ta.

Inna: Ta roba ce, ƙullina na nan yadda na yi shi.

Auta: Takardar fa?

Inna: Auta... igiyar ba ta riƙe da komai. Baƙar ƙasa ce kawai, sai tsutsotsi.

Auta: Kada ki watsar da ƙasar! Ko guntun hatimin ne ki... Halo? Inna! Inna!