Malam Muttaka Bai Ba Su Baya Ba

Salamu alaikum. Mai Unguwar Dukawuya, ranka ya daɗe. Liman, Allah ya gafarta malam. Sakataren ilimi, sannu da zuwa. Hajiya A'isha uwargidan marigayi, Mahmud babban ɗansa da ƙannenka, sannunku da haƙuri.

Ni ce 'Yardada mai ƙosai ta bakin firamare. Ban yi boko ba. Jikata Nana Hauwa ce ta rubuta wannan magana, tana kallon bakina da hannuna, duk da haƙoran sun zube.

Shekarar da soja suka koma bariki aka yi shela, kowane yaro sai makaranta. Na kama hannun Nana Hauwa na kai ta. Hedimasta ya ce, "Gwaggo, wannan ai kurma ce." Na ce, "Mai shela bai ce ban da kurma ba." Malam Muttaka na gefe, ya yi dariya, ya ce, "A ba ni ita."

Da fari shi ma bai iya ba. Yana rubutu a allo yana bayani, ita kuwa ƙeyarsa kawai take gani. Ta dawo gida ta jefar da jaka. Na je na faɗa masa. Ya ce, "Laifina ne."

Ya kasance tun ranar ba ya magana ya ba aji baya. Ya rubuta, ya juyo, sannan ya buɗe baki. Ya kasance yana tsayawa inda hasken taga zai sauka a fuskarsa. Gashin bakin nan da yake taƙama da shi, ya aske tas don ta ga leɓensa. Hajiya, kin tuna? Kika ce, "Wa ya aiko min wannan saurayi?" Ya kasance yana bin manyan kurame kasuwa koyon maganar hannu, suna ta tsokanarsa wai hannunsa na in'ina.

Da muka ga haka muka fito da yaran da muke ɓoyewa a ɗaki, har daga unguwar Kabara, sai da suka cika aji. Sunansa a wurinsu da maganar hannu, a shafa saman leɓe da yatsa. Ranar da ya rasu, haka na yi wa Nana Hauwa, na kasa ƙarasawa. Ta gane.

Yanzu muna jin za a rufe ajin, wai babu malami. Sakatare, ba gini muke roƙo ba. Ka turo mana wanda zai riƙa juyowa. Mahmud, zauren gidanku da suke karatun yamma, don Allah kada ka sa masa kwaɗo.

Mun gode da kuka zo. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa kamar yadda ya nemi haske saboda 'ya'yanmu. Ga yaran ajinsa can a baya, ba za su ji amin ɗinku ba. Ku juya gare su, ku ɗaga hannu sosai, mu shafa tare.