Ciwon da Muka Rufe da Zane

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Rifkatu.

Tun da na shigo ake nuna ni, ana cewa ga mai haƙuri nan. Ku daina. Ba ni da haƙuri, uwar da ta haife ni ma ta sani. Masu cewa Baban Iliya ya kusa tashi kuma, ba haka ba ne. Maigidana yana nan kwance yadda kuka gan shi bara.

Ga waɗanda ba su sani ba, magini ne. Yana aikin gidajen ma'aikata a Argungu, katakon da ya taka ya karye, ya faɗo ta baya. Daga asibitin can aka turo mu Birnin Kebbi, a nan aka ce laka ta taɓu, mu koma gida, sai dai Sakkwato. Likitan ƙashi Sakkwato. Keken guragu Sakkwato. Mai sa hannu a ba mu taimako shi ma Sakkwato. To, da wace ƙafa?

Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Ni ke juya shi, ni ke kwashe kashi da fitsari, ni ke wanke tsumma. Kasuwa ma da gudu nake zuwa. Na gama sakandare ina son in koyi aikin jinya, sai ga shi na same shi a ɗaki ɗaya a Gwadangaji, ba malami, ba ranar tashi.

Sai gyambo ya ɓullo masa a ƙugu saboda kwanciya. Ya yi ta zurmawa har yatsana yana shiga.

Ba ku gani ba, don duk ran da za ku zo gaisuwa sai ya ce in share ɗaki, in sa turaren wuta, in lulluɓe shi da zanen aurena. Ku ce yaya jiki, mu ce da sauƙi. Haka aka koya mana tun muna yara. Ku yi addu'a, ku ajiye tuwo, ku tafi kuna murna.

Na yi sintiri ofishin jin daɗin jama'a har masinja yana ce mini amaryar ofis. A ƙarshe wani jami'i ya yarda ya zo a kan babur ya duba. Ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Malam, yaya jiki?"

Ina ta yi wa Baban Iliya ido, amma sai ya ce, "Da sauƙi, mun gode Allah."

Mutumin ya ce madalla, tunda ana samun sauƙi, bari a fara da waɗanda nasu ya fi tsanani. Ko zama bai yi ba. Da ya tafi na ce wa maigidana ya kashe mu. Ya ce shi ba zai buɗe tsiraicinsa gaban baƙo ba. Ya juya fuska bango, abin da yake iya juyawa ke nan.

Na fita bayan ɗaki ina wankin tsumma ina kuka. Addu'ar da na yi ba ta ladabi ba ce. Na ce, Ubangiji, na gaji. Ko ka ɗauke shi, ko ka ɗauke ni, ko ka aiko wani. Ban ji murya ba. Tambaya ce kawai ta tsaya mini a zuciya: waɗanda na yi ta aiko miki, me kika gaya musu?

Washegari Mama Saratu, shugabar Zumuntar Mata, ta zo. Ta ce, "Ɗiyata, yaya mai jiki?"

Na ce, "Mama, ba sauƙi. Ruɓewa yake." Na yaye zanen.

Baban Iliya ya rufe ido. Mama ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Mi ya hana ki faɗi? Sai an kai shi kushewa?"

Kafin la'asar ta dawo da ƙanenta, nas ne da ya yi ritaya. Tun daga ranar yake zuwa yana wanke gyambon. Wari ya ragu, gefensa ya fara yin nama. Haleluya! Shaidata ke nan. Ƙafa ba ta motsa ba, taimakon gwamnati bai zo ba, maigidana kuma har yau maganarsa da ni ba ta wuce "ba ni ruwa". Amma Allah ya buɗe mini baki, na gode masa. Ku dogara gare shi, yana ji ko da ka yi masa magana cikin fushi.

Nas ɗin ya ce ciwon ya yi zurfi, in likita bai gani ba, zai kai ƙashi. Don haka Litinin zan kai Baban Iliya Sakkwato, a kan katifa, a bayan a-kori-kura. Daga asibiti in wuce da shi ofishin mai sa hannun nan, su gan shi da idonsu. Maigidana ya ce gara ya mutu da a ɗauke shi kamar buhun shinkafa a bainar jama'a. Na ce ya yi fushinsa a hanya.

Ni kaɗai ba zan iya ɗaga shi ba, maza huɗu nake so. Bayan sujada ina bakin ƙofa, kuma ba zan tafi gida ba sai na same su.