Takardar Mai Gadin Gulbi

A tashar Argungu ana jiran motar Birnin Kebbi ta cika. Tamba mai gadin gulbi ya miƙa wa wani malamin makaranta takardar tuhumar da ke neman raba shi da aikinsa.

"Malam, duba min. Mi ake nuhi da connive?"

"Haɗa baki a ƙulla dabara a ɓoye. Sun ce da kai anka shirya kamun kifi tun ba a buɗe gulbi ba."

"Ƙarya! Na dai hangi ƙanena da homar kamun kifi cikin ruwa, sai na juya ina kallon gonar shinkafa."

"Baba, ai har wannan juyawar Bature ke nufi da kalmar nan."

Tamba ya naɗe takardar, ya ce:

"Ashe Turawa ma suna da ƙanne."