Shari'ar Gonar Yangoji

A tashar Dutse Alhaji, Patricia na zaune a mota tana jiran ta cika, sanye da riga mai hoton marigayi malaminta. Wani dattijo a gefenta ya daɗe yana kallon hoton.

"Yarinya, wannan ba Barista Kure ba ne?"

"Shi ne, Baba. Malaminmu ne a sakandare. Jiya aka binne shi."

"Allah ya jiƙansa, amma ya cuce ni. Shi ke riƙe da shari'ar gonata ta Yangoji. Muna tsaka da ita ya ajiye aikin lauya, wai zai koyar da yara waƙa da wasan kwaikwayo. Lauyan da ya bar wa shari'ar ko kotu bai cika zuwa ba. Haka gona ta tafi."

"Ya sha gaya mana kotu ce ta gajiyar da shi."

"Ni ba ta gajiyar da ni ba? Bayan shekaru ya aiko in zo makarantarku kallon wasa. Ashe labarina ya rubuta. Sai dai a can manomin ne ya ci shari'a."

Patricia ta dafe ƙirji. "Baba, ai ni ce alƙaliyar wasan! Kai ne wanda ya zaunar a kujerar gaba kana hawaye?"

Dattijon ya ƙura mata ido, ya jinjina kai.

"Ke ce? To, 'yata, hukuncinki ya yi daɗi, har tafi na yi. Amma da na koma gida, masarar wani na tarar a gonata."